Saƙonnin Manjo Masu Giɓi

A shekarun da aka buɗe siyasar jam'iyyu, bayan na gama karatun na'ura a Yamai, na samu aiki a garinmu Tawa, a biro, wato ofishi, na wani shirin lafiya da baƙi ke tallafa wa. Shirin ya kafa rediyon sadarwa a wasu asibitocin ƙauye na arewacin Adar, inda tarho bai kai ba. Kowane asibiti an ba shi rediyo, da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da wani ɗan akwati da ake kira modem, wanda ke mai da rubutu ƙara, ya bi iska ya iso Tawa ya sake komawa rubutu. Baturen injiniyan da ya haɗa kayan ya koma ƙasarsu kafin in cika shekara, lokacin da baƙi suka fara janye ma'aikatansu. Ya bar mini mabuɗin ɗakin na'ura, da kwalin wayoyi, da tsarin da ya zuba a kan dukan na'urorin. Tsarin irin wanda ake rabawa kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya karanta yadda aka rubuta shi, ya gyara in ya iya.

Aikina bai da yawa. Da safe in kunna na'urar biro, in karɓi saƙonnin asibitoci, in buga su a takarda in miƙa wa sakatare ta kai wa babban likita. Ranar da ake yajin aiki, kuma ana yawan yi a lokacin, sai mu shigo ta ƙofar baya mu karɓi saƙo mu fita. Motocin jam'iyyu kan wuce ta bakin titi da lasifika, masu gadi su yi ta gardama a kan wanda zai ci zaɓe.

Cikin asibitocin akwai ɗaya a wani ƙauye arewa da Takanamat. Mace ce ke riƙe da shi, ma'aikaciyar jinya, ana ce mata Manjo kamar yadda ake kiran duk shugaban ƙaramin asibiti. Ban taɓa ganinta ba, rubutunta kawai na sani. Sauran manjoji kan aiko layi biyu ko uku. Ita tana rubutu da tsawo, ta faɗi wanda ya zo, daga wace rijiya, da abin da ta gani a jikinsa. Kuma saƙonninta kaɗai ke zuwa da giɓi. Farkon saƙo lafiya lau, sai a tsakiya kalma ta yanke, rabin jimla ya ɓace, wata jimlar ta ɗora a kai kamar ba a rasa komai ba.

Da bazara ta shigo aka fara samun masu sanƙarau, sai giɓin ya zama magana. Wata safiya saƙonta ya ce tana neman ƙarin wani magani, amma sunan maganin ya faɗa cikin giɓi, haka ma sunan zangon makiyayan da cutar ta ɓulla. Babban likita ya kira ni ofishinsa, takardar na hannunsa.

"Wannan matar ba ta duba abin da ta rubuta kafin ta aiko?" ya tambaye ni.

"Dokta, ina jin ba daga hannunta ba ne."

"To daga ina? Na sauran duk suna zuwa daidai."

Ya sa aka kira ta da murya a rediyo, a sa'ar da dukan asibitoci ke saurare, ya ce mata ta riƙa natsuwa in tana rubutu. Ta amsa da to. Saƙonta na gaba ya zo da tsawonsa kamar kullum, da giɓinsa kamar kullum.

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na zargi iska da eriya, amma modem ba ya miƙa abin da ya lalace a hanya, sake nema yake yi har sai ya zo daidai. Ke nan haruffan tun can suke zuba, kafin su hau iska. A ma'ajin biro akwai wata tsohuwar ordinatar sa'ar ta Manjo, wadda aka jingine saboda allonta na rawa. Na share ta, na jona mata modem na ajiya, na riƙa aika wa na'urar biro dogon rubutu daga wannan teburi zuwa wancan. Gajere ya wuce lafiya. Dogo ya zo da giɓi. Ranar da na fara ganin haka na ji sanyi a raina, domin matsalar ta baro arewacin Takanamat ta zo kan teburina.

Tsakanin tsarin na'ura da duk wani abu da aka jona mata akwai ɗan shiri da ke yi musu tafinta. A lakwal, wato makaranta, da sunansa na Faransanci muka koye shi, pilot. Akwai na allo, akwai na faifan ajiya, akwai na kafar da modem ke shiga. Wannan na ƙarshe na buɗe na fara karantawa. Waɗanda suka rubuta shi sun bar bayani da Ingilishi a gefen layuka, ni kuwa Ingilishina na aji ne, sai na aro ƙamus wajen wani malamin sakandare maƙwabcinmu. Na yi makonni a kansa. Kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa da tsakar rana, in fita gindin dogon yaro in jira, in ya dawo in koma inda na tsaya.

Abin da na gano a ƙarshe ba mai wuyar faɗi ba ne. Na'ura ta fi rediyo sauri nesa ba kusa ba. Modem na da ɗan wurin ajiya. In ya kusa cika sai ya aiko wa na'ura wani harafi guda mai nufin dakata. A sababbin na'urori, ɗan guntun ƙarfen da ke kula da kafar yana iya riƙe haruffa da dama har a zo a ɗauka. A tsofaffi irin na Manjo harafi ɗaya kawai yake riƙewa, in wani ya biyo baya sai ya danne na farko. Shi kuma pilot na faifai, duk lokacin da yake karanto dogon saƙo, yakan toshe wa tsarin kunne na ɗan lokaci don kada a katse shi. In aka yi rashin sa'a dakata ta iso a daidai wannan lokaci, sai wani harafin ya danne ta. Na'ura ba ta ji ba, ta ci gaba da turawa, modem ya cika, abin da ya biyo baya ya zube.

Hanya biyu na gani. Ta farko in hana pilot na faifai toshe kunnen. Layi ɗaya ne, amma marubutansa sun yi gargaɗi a gefe cewa a wasu tsofaffin na'urori hakan na iya lalata abin da ke cikin faifan, kuma a faifan Manjo duk rahotanninta suke. Na bar wannan. Ta biyu in gyara pilot na kafar ya daina turawa a jere: ya ba da 'yan haruffa, ya leƙa da kansa ya ga ko an ce dakata, ya ɗan jinkirta, sannan ya ƙara. Ita na bi. Gwajin farko na'urar ta sandare, sai da na kashe ta daga bango, domin na sa ta jira a wurin da bai halatta a jira ba. Na biyu ya yi aiki amma da nawa, har gara mutum ya karanta saƙon da baki. Na yi ta rage jinkirin ina ƙarawa har na samu inda ya zauna. Facin, wato gyaran da na rubuta, gaba ɗaya bai cika shafi ba.

Saura kai shi can. Ba a tura irin wannan ta rediyon, tunda rediyon ne ke zubar da haruffa. Na harhaɗa sabuwar cibiyar tsarin, wato babban shirin da na'ura ke tashi da shi, da facin a ciki, na zuba a disket, ɗan faifan nan da ake cirewa a tafi da shi. Motar shirin ba ta zuwa arewa a lokacin, saboda irinta ce masu bindiga ke tarewa a daji su ƙwace. Babban likita ya sa hannu a takardar tafiya, ya ce in bi motar kasuwa.

Na hau kamiyo, babbar motar kaya, daga tashar Tawa ranar kasuwar Takanamat, a kan buhunan gero, tsakanin wani mai sayar da igiya da wasu mata masu komawa gida da tabarmi. Daga Takanamat na samu amalanken jaki da ke zuwa ƙauyen. Disket ɗin na aljihun rigata, na naɗe shi a leda.

Asibitin ɗaki uku ne da rumfa, da pano na hasken rana a kan rufi. A ƙarƙashin rumfar da gindin wata aduwa mutane ne kwance a tabarmi, 'yan'uwansu na zaune kusa da su. Raƙuma biyu na durƙushe can gefe. Manjo ta fito daga ɗakin allura tana goge hannu. Ta girme ni sosai, gajera ce, da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne.

"Kai na mai na'ura," ta ce. "Ka taho gyara, ko ka taho ka gani in na iya rubutu?"

"Gyara na zo yi, Manjo. Laifin na'ura ne, na gwada na gani."

"Ka hwaɗa ma Dokta hakanan?"

"Na faɗa masa."

"Mi ya ce?"

"Ya ce in zo in gyara."

Ta nuna mini ɗakin da kayan suke ta koma aikinta. Ɗakin ajiyar magani ne. A kusurwa ɗaya firigo mai sanyaya allurar rigakafi, a ɗayar teburin rediyo da ordinatar, a ƙasa batura jere, da wani agogo a bango mai allura da ke nuna ƙarfin wutar da ta rage.

Na sa disket, na'ura ta yi ta gurnani ta ce ba ta iya karanta shi. Na fitar na hura na mayar, haka. Ko zafin kan buhuna ne, ko girgizar hanya, ban sani ba. Amma Baturen ya bar rubutun tsarin gaba ɗaya a faifan kowace na'ura, facin kuma na sha rubuta shi har ya zauna mini a ka. Na buɗe pilot ɗin na sake buga layukan. Abin da ya rage shi ne harhaɗawa, na'ura ta mai da rubutun duka ya zama shirin da take ganewa. A biro wannan aikin rabin yini ne. A wannan tsohuwa ban san iyakarsa ba.

Washegari da hantsi na sa ta fara. Layuka suka riƙa hawa allo ɗaya bayan ɗaya, faifai na ƙara. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas ya rufe rana, bai zubar da ko ɗigo ba. Da la'asar na tafi masallacin ƙauye. Da na dawo allon baƙi ƙirin, an zare wayar daga batir.

Na same ta a rumfa tana duba wata mata.

"Manjo, an kashe na'ura."

"Ni na kashe. Allurar agogo ta kusa ja. In batir ya mutu hirigo ya mutu, in hirigo ya mutu rigakahin duk da anka kawo ya tashi banza."

"Da kin aika an kira ni. Akwai yadda ake tsayar da ita."

"Ba ka hwaɗa min ba. Kuma ba ni da wanda za ni aike."

Duka biyun gaskiya ne. Da safe na kunna, na'ura ta daɗe tana duba faifanta saboda kashewar bazata. Rahotannin Manjo ba abin da ya same su. Amma da aikin ya ci gaba sai ya tsaya da wani ƙorafi da ban gane kansa ba. Na ɓata safiyar kafin in fahimci cewa guntun da take rubutawa lokacin da wuta ta yanke ya fito rabi, kuma tana ɗaukarsa cikakke. Ban amince da sauran ba, na share duka na soma daga farko.

A ranar muka yi shiri da Manjo. Wuta tawa ce daga hantsi zuwa lokacin da inuwar rumfa ta kai bakin randa. Daga nan ta firigo ce. Na nuna mata maɓallai biyu da ake dannawa tare aikin ya tsaya lafiya, ya ci gaba gobe daga inda ya tsaya. Ta gwada sau ɗaya ta ce ta riƙe.

Kwanakin da suka biyo baya ba ni da abin yi sai kallon allo, shi kuwa ba ya bukatar mai kallo. Manjo ta lura da haka. Ta fara sa ni ɗebo ruwa daga randa, da riƙe kwalbar ƙarin ruwa inda babu ƙusa a bango. Wata rana aka kawo wani dattijo Buzu a kan raƙumi, wuyansa ya sandare, yana fizge-fizge. 'Ya'yansa biyu suka riƙe ƙafafu, ni na riƙe kafaɗu, ta yi masa allura a cinya, maganin mai kauri kamar mai. Tana yi tana magana da su da Buzanci, wanda ta ce a nan ta koya. Rawaninsa ya kwance, babban ɗan ya yi sauri ya mayar masa ya rufe bakin. Jikinsa zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Bayan nan na wanke hannu na koma na duba allo, layuka na nan na hawa.

Abinci daga gidan mai gari ake kawo mana, fura da rana, tuwo da yamma. Ran nan muna shan fura a bakin ɗakin magani na ce wa Manjo, in ta riƙa taƙaita saƙo, ko ba faci zai wuce lafiya.

"Na sani," ta ce. "Tun ba yau ba na lura gajere shina wucewa."

"To me ya sa ba ki rage ba?"

Ta juya ludayi cikin ƙwarya. "Nan wa za ni ba labarin aiki? Mai gari? In na zamna gaban abin ga ina rubutu, awa ina magana da wanda ya san abin da nike hwaɗi. In na gama sai in ji na sauke." Ta sha furar. "Kuma Dokta bai taɓa zuwa nan ba. In ban rubuta mishi ba, ina za ya sani?"

Ta tambaye ni ko ina karanta saƙonnin kafin in miƙa. Na ce ina karantawa, aikina ne in ga ko sun zo daidai. Ta ce to, ashe dai akwai mai karantawa.

Harhaɗawar ta ƙare wata rana gab da azahar, inuwa ba ta kai randa ba. Na ajiye tsohuwar cibiyar a gefe don in sabuwar ta ƙi tashi a samu abin komawa, sannan na kashe na kunna. Ta tashi. Na kira Manjo na ce ta rubuta saƙo, iya tsawon da take so. Ta zauna ta gyara tabarau, tana bugawa da yatsu biyu. Ta rubuta labarin dattijon, da zangon da aka ɗauko shi, da maganin da ya kusa ƙarewa, da maganar pano ɗaya da ya tsage. Muka tura. Fitilar modem ta riƙa ƙiftawa, tana tsayawa tana ci gaba, kuma a kowace tsayawa ina ganin na'urar ta dakata tare da ita. Na kira sakatare da murya na roƙe ta ta karanto mana abin da ya fito a Tawa. Ta karanta tun daga gaisuwa har sa hannu, Manjo na bin allo da yatsa. Babu abin da ya ɓace.

"To, madalla," in ji Manjo. Ta danna maɓallan kashewa yadda na nuna mata, ta koma rumfa.

Na bar ƙauyen washegari da amalanken da ya kawo ni. Dattijon na nan kwance a gindin aduwa, ya daina fizge-fizge, babban ɗansa na ba shi ruwa da cokali. A saƙon Manjo na makon da ya biyo baya ta ce ya tashi, sun koma daji.

Da na koma biro na tarar da saƙonninta na kwanakin da na yi a hanya a teburin babban likita, cikakku, kowanne ya haura shafi. Ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ce wa sakatare ta riƙa ja masa layi a ƙarƙashin sunan magani da sunan wuri, domin ba shi da lokacin karanta sauran. Maganar da ya yi wa Manjo a rediyo bai sake tayar da ita ba, ita ma ba ta nema ba.

Bayan damina aiki ya kai ni Yamai. A can akwai wani ofishi da ke da hanyar aika wasiƙa ta na'ura zuwa ƙasashen waje, sai na roƙi wani abokin karatuna da ke aiki a wurin ya tura facin ga masu kula da pilot ɗin, da ɗan bayani cikin Ingilishin da na iya haɗawa. Amsar ta iso bayan na koma Tawa, abokin ya bugo ta a takarda ya ba direban mota ya kawo mini. Wani ne ya rubuta, cikin ladabi. Ya ce ya gane matsalar, amma sun riga sun sake rubuta wannan sashe gaba ɗaya a sabon fitowar tsarin, facin ba zai hau ba. Ya ba da shawarar mu ɗauko sabon, ko mu canja guntun ƙarfen da mai riƙe haruffa da yawa. Sabon tsarin ya fi ƙarfin na'urorinmu, guntun kuma ba a sayar da shi ko a Yamai.

Saboda haka facin ya tsaya a na'urori biyu, ta Manjo da ta ma'ajin biro. Sauran asibitocin ban kai musu ba, tunda manjojinsu gajere suke rubutawa. Shekara ta zagayo aka mai da Manjo wani asibiti wajen Bambeye, kusa da 'ya'yanta da ke lakwal a Tawa, inda babu rediyo domin mota na zuwa kullum. Wanda ya gaje ta saurayi ne sabon fitowa. Saƙonsa na farko layi biyu ne: ya kama aiki, kuma firigo na ƙara in rana ta yi zafi.